Wa Zai Amsa wa Gidan Mleziva

Habrova, Fabrairu 1996

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu.

Ɗana Lojza,

Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka Betka da jikata. Ina fatan kuna lafiya, ɗakin naku kuma yana da ɗumi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai gwiwa. Saniya ma lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san da furfura na koye shi. Da babanka yana raye shi zai rubuta, ya rage rabin maganata kamar yadda ya saba. Yanzu babu mai ragewa, sai ka daure ka karanta duka.

Ranar Lahadi bayan ibadar Mas, Kawu Merhaut, babban dattijon coci, ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗi abin da na riga na sani: bana layin shafe Gicciyen Farko, gicciyen dutsen nan na kan tudu, ya zo kan gidanmu. Da ya ce "gidan Mleziva" mata suka juyo suna kallona, na rasa inda zan sa idona.

Kana ƙarami sa'ad da layin ya zo mana a baya. Na san ka san abin, amma bari in maimaita don kada ka ce ba a gaya maka ba. Gidan da layi ya zo kansa shi zai fasa dutse, ya toya shi a matoyarsa da itacensa, ya jiƙa farar ƙasar, ya shafe gicciyen kafin ranar Yahaya Mai Baftisma. Ran nan kowa ya hau tudu, Fada, limamin coci, ya yi Mas a kan shimfiɗaɗɗen dutsen nan, sannan Kawu Merhaut ya kira gidaje ɗaya bayan ɗaya, namijin kowane gida ya ce, "Muna nan." Gidan da ya kasa yin layinsa, ko aka kira shi babu namijin da ya amsa, ba a sake kiransa. Bayan tafiyarka haka ta sami gidan Fikl da gidan Bouda. Tsohuwar Bouda tana nan da ranta. Bara tana tsaye kusa da ni aka tsallake ta, kamar an riga an binne ta. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta yi ta gyara ɗankwalinta har aka gama.

Babanka ya fara fasa dutsen tun kafin ya kwanta ciwo. Yana nan jibge a bayan matoya, dusar ƙanƙara ta rufe shi. Ya ce mini kai za ka zo ka ƙarasa. 

Ba cewa nake ka dawo gaba ɗaya ba. Na san aikin can ya fi na nan. Ka zo a watan Mayu ka toya dutsen, ka sake zuwa a Yuni ka amsa, ko ka zo sau ɗaya ka haɗa duka. Tara itace, jiƙa, shafa, duk waɗannan mace tana yi, zan yi. Wutar da muryar ne kawai ba nawa ba.

Ba na barci sosai tun ran Lahadi. In na rufe ido sai in ji ana kiran gidaje, ana matsowa kusa da namu.

Ka riƙa sa hula in za ka fita. Betka ta daina ba yarinyar ruwan sanyi. Direban bas zai ba ka ƙullin cuku da busasshen nama, ka duba, in ya taɓa ka gaya mini.

Allah ya tsare ku duka.

Mahaifiyarka,
Rozina Mleziva


Cheb, Maris 1996

Mama,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Betka da yarinya. Ƙulli ya iso, direba bai taɓa ba, ƙanshi kawai ya shaƙa. Rubutunki ya yi kyau, ki daina ba da haƙuri a kansa.

Mama, ba zan iya zuwa ba. Hutuna na cinye shi lokacin jana'izar Baba. A masana'antar nan, wanda ya tafi ba izini ya dawo ya tarar da wani a kan injinsa. Mu da muka zo daga can mu ake fara sallama. A gida ana ce mana 'yan Cek, a nan ƙasar Cek ɗin ana ce mana 'yan Romaniya. Ba ni da bakin neman alfarma.

Amma ban zauna haka ba. Direba zai ba ki gwangwani uku na farin fenti, na Jamus, irin wanda ake shafa wa coci a nan. Ruwan sama ba ya wanke shi. In aka shafa wa gicciyen, sai a yi shekaru ba a sake ba, kowa ya huta, har da gidajen da za su biyo bayanmu. Maganar amsa kuwa, ki roƙi Ferda ɗan Kawu Merhaut. Abokina ne tun muna kiwo, muryarsa ta isa gida biyu.

Bari kuma in faɗi abin da ke raina, kada ki yi fushi. Dutse ne, Mama. Ba shi ne zai ɗebo miki ruwa ba in gwiwa ta ƙi. Akwai ƙaramin ɗaki a nan, Betka ta ce naki ne. Akwai coci a ƙarshen layinmu, ba hawan tudu. Ki sayar da saniyar ki zo kafin sanyi mai zuwa.

Ki gaishe mini da Yaya Cilka in kin gan ta.

Ɗanki,
Lojza


Habrova, ƙarshen Maris 1996

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu.

Ɗana Lojza,

Ina gaishe ku. Na sami wasiƙarka da gwangwanayen. Allah ya yi maka albarka, na san ka kashe abin da ba ka da shi.

Na ɗauki ɗaya a kwando na kai wa Kawu Merhaut. Na same shi yana gyaran garma. Ya juya gwangwanin, ya jijjiga shi kusa da kunnensa, ya tambaye ni ko ƙofar bargar shanu nake so in shafe. Na gaya masa abin da ka ce, ba ya wankewa, kowa zai huta. Ya ajiye shi a ƙasa ya ce, "Rozina, farar ƙasa tana wankewa, shi ya sa muke shafa ta. In aka sa abin da ba ya wankewa, wa zai sake hawa ya duba?"

Na kawo maganar Ferda. Nan ne ya ɓata rai. Ya ce ba a amsa wa gidan wani, ko ɗan'uwa ne. Ya ba ni labarin da muka sani tun muna yara, amma ya ba ni shi kamar baƙuwa ce ni. Yadda sarkin Vienna ya kawo kakanninmu tsaron iyaka, aka ba su daji da gatari da bindiga. Yadda sanyin farko ya kwashe mutane a cikin bukkoki. Yadda limamin sojoji ya hauro daga bakin kogi da bazara, ya yi Mas na farko a kan dutsen nan, babu coci, babu ƙararrawa, sannan ya kira gidaje don ya san waɗanda suka rage da waɗanda zai yi wa addu'ar matattu. Maza suka amsa domin su ne sojoji. Ya ce wanda ya amsa wa gidan da babu kowa, ƙarya ya yi a gaban Allah. Na ce masa ai gidanmu da kowa, ga ni. Ya ce ya gani, amma shi ba shi ya kafa dokar ba, gadonta ya yi.

Daga can ban koma gida ba, na hau tudun. Ƙanƙara ta fara narkewa, hanya duk caɓi. Farin bara ya zuba, gicciyen ya yi toka-toka, gansakuka ta kama gindinsa. Lojza, tun ina goye ake kawo ni gaban dutsen nan, amma ran nan ne na fara karanta shi da kaina. Na bi haruffan da yatsa. An rubuta cewa a nan aka fara miƙa hadaya mai tsarki, sai shekara, sai ƙaramin gicciye. Shi ke nan. Duk rayuwata ina tsammani sunayen gidajenmu ne a sassaƙe a wurin. Babu suna ko ɗaya. Na zagaya bayansa, babu. Ashe sunayen ba su da wurin zama sai a bakin mai kira da bakin mai amsa.

Ka ce dutse ne. Haka ne. Ban yi fushi ba. Amma kakanka da babansa da jariran da na binne kafin in haife ka, duk a cikin "Muna nan" ɗin nan suke. In aka daina kiranmu, ban san inda zan ajiye su ba.

Ba zan sayar da saniyar ba. Na fara jawo itace da ita daga gefen daji, kaɗan-kaɗan. Ka sake tambayar maigidanku, ko da zai ce a'a.

Allah ya kiyaye ku.

Mahaifiyarka,
Rozina


Moldova Noua, Afrilu 1996

Mama,

Barka da Ista. Ina fatan ƙashin bayanki bai karye ba, tunda ke ba za ki gaya mini ba.

A kasuwa na ji. Matan Habrova masu kawo cuku suka ce an gan ki kina jan kututture da saniya ke kaɗai, kika zame a gangaren matoya, sai da matar Glazer ta ɗaga ki. Kowa a kasuwar ya sani, har mai sayar da albasa, ni ce ta ƙarshe.

Kin rubuta wa Lojza wasiƙu har wata ƙasa. Ni da nake gindin dutsen nan, tafiyar rabin yini, ko saƙon baki ba ki aiko ba. Na san dalili, ba sai kin faɗa ba. Ni mace ce, na auri ɗan Romaniya, cocinsa ba namu ba. To, a gidan nan aka haife ni, kuma ni na riƙa kai wa Baba abinci bakin matoya lokacin da ɗanki yake ɓuya a rumbu don kada a aike shi.

An rage wa su mijina Traian aiki a ramin tagulla, yana gida yana cika mini ɗaki da hayaƙin taba. Na gaya masa. Ya ce bai taɓa toya dutse ba, amma ya daɗe yana fasa shi, sun san juna. Za mu zo farkon Mayu. Kada ki sake taɓa kututture. Kada kuma ki ce Kawu Merhaut zai yi magana. Ya yi.

Ki shafa man nan da na ba matar Glazer, safe da yamma.

'Yarki,
Cilka


Habrova, Mayu 1996

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu.

Ɗana Lojza,

Ina gaishe ku da fatan alheri. In wani ya gaya maka na faɗi, zamewa ce kawai, na warke.

Yayarka ta zo da mijinta. An toya dutsen.

Jerin duwatsu na farko da Traian ya yi a matoya ya rushe, kaɗan ya rage ya danne masa ƙafa. Ya zauna a ƙasa ya zagi dutsen da harshensu, ya zagi uwar dutsen, sannan ya tashi ya ce in nuna masa. Ni ban taɓa jerawa ba, amma na yi ta kallon hannun babanka. Na nuna masa yadda ake fara da manya, a karkato su ciki har su haɗu a sama su bar wa wuta ɗaki, ƙanana daga baya. Na biyu ya tsaya. Kafin ya kunna ya cire hula ya yi alamar gicciye irin tasu, daga dama zuwa hagu. Na yi tawa a gefensa. Na ce a raina Allah ya san duka biyun.

Ka san wutar ba ta son a huta mata, in ta lafa cikin dutsen ya zauna ɗanye. Traian da Cilka suka yi ta karɓa-karɓa har aka gama. Girarsa ta ƙone, Cilka tana ta yi masa dariya, wai ya koma kamar alade da aka babbaka. Ni aikina kai abinci da tsoro.  Da matoyar ta huce muka ɗauko dutse ɗaya, ba nauyi, fari har ciki. Muka jefa a rami muka zuba ruwa, ya tafasa yana huci kamar na babanka. Na koma bayan rumbu na ɗan yi kuka.

Washegari Kawu Merhaut ya zo da sandarsa. Ya leƙa ramin, ya ɗebo da tsinke ya murza, ya ce ba laifi. Daga bakinsa ka san wannan yabo ne. Sai ya tambaya wa ya kunna wutar, alhali garin duka ya ga hayaƙin kuma ya ga mai hurawa. Na ce surukina. Ya ce, "Sunansa fa?" Na ce Traian Jurca. Ya ce to, gidan Jurca ne ya toya, kuma babu gidan Jurca a cikin kekunan shanun da suka hauro da kakanninmu.

Cilka ba ta bari na yi magana ba. Ta ce, "Kawu, dutsen na Mleziva, itacen na Mleziva, matoyar ta Mleziva. Ashanar ce kawai ta Jurca." Ya ce mata ita tun tana ƙarama bakinta ya fi tsawonta. Ya ce a shafe gicciyen da wannan ɗin, don ba za a bar shi da datti ranar biki ba, amma sunan ba zai kira ba. Ta ce wato farar ƙasarmu ta isa hawa tudu, mu ne ba mu isa ba. 

Traian bai ji rabin maganar ba. Yana ganin baƙo dattijo, sai ya shiga ya ɗauko kwalbar giyar da babanka ya dafa bara, ya zuba masa. Tsohon ya karɓa ya shanye, ya yi godiya, ya tafi. Da Cilka ta fassara wa Traian, ya ce da ya sani da ya ba shi ƙaramin kofi.

Na so in ji haushin tsohon, amma ya rame. Ferda ya hau bas bayan Ista, ka sani ko ba ka sani ba. Uban yana gaya wa kowa wai ya je duba wuri ne, zai dawo kafin biki. Shi kaɗai ke gare shi. Ka gan shi a can?

Lojza, wannan ne roƙona na ƙarshe, ba zan sake ba. In kana tsaye a wurin ran nan, yana ganinka da idonsa, ban yi tsammani zai iya tsallake mu ba. Bas yana isowa ana gobe biki, ya juya bayan biki. Ka duba.

Allah ya ba ka sa'a a wurin maigidanku.

Mahaifiyarka,
Rozina


Cheb, Yuni 1996

Mama,

Muna gaishe ki. Yarinya ta fara tafiya, tana kama kujeru.

Na tambaya, Mama. Na tsaya a ofishinsa da hula a hannu. Ya ce in na tafi in tafi da kayana. Betka tana da ciki, ban so in gaya miki ta haka ba. Ki yafe mini.

Ferda yana kwana a ƙasan ɗakinmu. Ya sami aiki a sashenmu, ba zai zo biki ba, ba zai zo bana ba ma. Na ce ya rubuta wa babansa, ya ce gobe. Kullum gobe.

Abin da tsohon nan ya yi miki ya ƙona mini rai. Ki je ki gaya masa a gaban mutane cewa ɗansa yana cin abincin gidan Mleziva, ya ɗanɗana. In ba za ki iya ba, to ran nan ki zauna a gida. Kada ki hau tudu da wannan gwiwar don kawai a tsallake ki.

Ki gode mini wa Traian. Ki ce masa ya yi abin da ya kamata in yi.

Ɗanki,
Lojza


Moldova Noua, ƙarshen Yuni 1996

Ƙanena,

Barka da arziki, Mama ta gaya mini labarin Betka. Allah ya raba lafiya. Wannan karon ka yi ƙoƙari ka samo namiji mai amsawa.

Mama ta ce in rubuto maka yadda aka yi, wai ita ba za ta iya ba.

Ba ta gaya wa tsohon komai a kan Ferda ba. Na ce ni zan gaya masa, ta ce in na buɗe baki in koma gidan mijina. Ana jibi biki ita ta shafe gicciyen da hannunta, Traian yana riƙe da tsani yana roƙonta ta sauko. Sai da ta bi cikin haruffan da ƙaramin tsinke ɗaya bayan ɗaya. Daga hanyar kogi ana hango shi.

Ana gobe biki bas ya iso. Kawu Merhaut yana zaune a bakin rijiya kamar hutawa yake. Ya kalli kowa ya sauka, babu Ferda, ya tashi ya koma gida.

Ranar, mutanen ba su da yawa, ka san yadda garin ya koma. Galibi tsofaffi da ɗankwali baƙi. Fada ya hauro daga gari a kan babur, ya yi Mas a kan dutsen, iska tana ɗaga masa mayafin bagade har sai da aka danne da duwatsu. Na ce wa Mama mu tsaya a baya, ta ƙi. Ta tsaya inda Baba yake tsayawa.

Sai tsohon ya fito. Ka tuna yadda yake yi: ya fuskanci gicciye, ya ba mutane baya, hula a hannu, ido a rufe, babu takarda. Yana bi yadda kekunan suka hauro. Cizler, muna nan. Glazer, muna nan. Yana matsowa, Mama ta kama hannuna. Ya ce Kocman, aka amsa. Mu ne na gaba. Ya ɗan ja numfashi, ya tsallake mu.

Ka san wanda ke bayanmu. Bakinsa ya riga kansa, kamar yadda ya saba tun kafin a haife mu. Ya ce, "Merhaut."

Babu wanda ya amsa. Ina jin sai a lokacin ya tuna. Kullum muryar daga bayansa take zuwa, da ta ƙanensa, daga baya ta Ferda, bai taɓa buƙatar tunanin wa zai amsa ba. Mai kira kuwa ba ya amsa wa kansa, shi ya koya mana haka.  Maza suka sunkuyar da kai. Fada yana kallon takalminsa. Ana jin ƙararrawar shanu daga wancan tudun. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi a raina.

Sai na ji daga gefena, "Muna nan."

Mama ce. Muryar ƙarama, amma kowa ya ji. Mace, kuma gidan wani. Dattijon Cizler ya juyo ya buɗe baki, matarsa ta taka masa ƙafa.

Tsohon bai juyo ba. Ya daɗe a tsaye, har na fara tsoron zai faɗi. Ya kamata ya ce Nedved, shi ne na gaba. Sai ya koma baya ya ce, "Mleziva."

Na jira Mama. Ta matse mini hannu har ya yi zafi, ta ce a hankali, "Ke." Na amsa. Ban san haka muryata take a fili ba. Traian yana can gefe ya yi alamar gicciyensa ta baibai, babu wanda ya ce masa komai.

Daga nan ya ci gaba har ƙarshe. Bai kira Fikl ba, bai kira Bouda ba. Tsohuwar Bouda ta matso gaba kaɗan tana jira, na gan ta. Da aka watse Mama ta riƙe mata hannu suka sauka tare. A wurin cin abinci wasu maza suna ta gunaguni, wai an ɓata al'ada, sai dattawa sun zauna. Kawu Merhaut bai zo cin abincin ba.

Ka gaya wa abokinka duk abin da na rubuta, kada ka rage. Ka kuma rubuta wa Mama, tana jira.

Yayarka,
Cilka


Habrova, Yuli 1996

Yabo ya tabbata ga Yesu Almasihu.

Ɗana Lojza,

Ina gaishe ku. Betka ta daina ɗaukar yarinyar, ta yi nauyi. Babu abin yafewa a tsakanina da kai.

Cilka ta rubuto maka. Ina so ka san ban yi don ya kira mu ba. Shirun nan ne na kasa jurewa, don ni ma a lokacin aka tsallake ni, na san zafinsa.

Jiya Kawu Merhaut ya zo. Ya tsaya a bakin shinge, ya ƙi shigowa. Ya yi maganar ciyawa, ya yi maganar ruwan sama. Can ya ce baɗi layin gidansa ne. Na ce na sani. Ya tambaya ko surukina zai sami sarari a watan Mayu. Na ce zan tambaya.

Ni ma na tambaye shi ko za a kira mu baɗi. Ya ce dattawa ba su zauna ba tukuna, amma muddin shi ne mai kira, za a kira. Ya tsufa, Lojza. Ban san muddin nawa ba ne. Amma bana muna ciki, kuma na fara barci.

Allah ya tsare ku duka.

Mahaifiyarka,
Rozina Mleziva